Masu ƙarfe a kwatangwalo, yaya naku yake?

Maman Ummi, Tudun Wada: Assalamu alaikum. Shekara 14 ke nan da aka sa mini ƙarfe a kwatangwalo, sikila ce ta cinye kan ƙashin. Bana sai ga kumburi a matsematsina, in na taka kuma sai in ji abu yana ƙara a ciki. An gwada, babu ƙwayar cuta. Akwai wanda ya taɓa gani?

Baban Sadiq, Sabon Gari: Sannu Hajiya, Allah ya sawwaƙe. Ni hatsarin mota ne a hanyar Kaduna. Da nawa ya kumbura, gida kaf an ɗauka daji ne, har na fara rubuta wasiyya. Da aka buɗe, likita ya ce naman wajen ya yi baƙi kamar an barbaɗa toka. Aka cire aka sa mai kan tangaran.

Ƙaninku na Samaru: Baba, wannan tokar garin ƙarfe ce. Na ga irin naman a madubin ɗakin gwaji lokacin ina ɗalibi. Irin da kai da mazauninsa duk ƙarfe ne, na kobalt da kuromiyom, yana gogar juna ya zubar da ɓarɓashi. Sojojin jini su haɗiye shi, su kasa narkarwa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne kobalt yana yaudarar ƙwayoyin nama, su ɗauka iskar numfashi ta yanke musu. Sai su farkar da ƙwayoyin gado da ke barci, wasu na ƙiran ƙarin sojoji, wasu na tayar da masu zaizaye ƙashi. Daga nan kumburi, daga nan ƙarfen ya fara girgiɗi. Saboda irin wannan aka janye wani samfuri daga kasuwa a 2010.

Goggo, Ƙofar Doka: To ni nawa ma ƙarfe kan ƙarfe ne, ko ciwon kai bai taɓa sa ni ba, da shi na yi ɗawafi.

Ƙaninku na Samaru: Alhamdu lillahi Goggo, jiki kowa da nasa. Amma wani kumburin ba ya ciwo, ki daure a auna kobalt a jininki. A Ingila in ya kai 7 cikin biliyan, sai su ƙara bincike.

Maman Ummi: Ranar Litinin zan je asibitin Shika in nemi a yi mini MRI, hoton nan mai nuna cikin jiki. Baban Sadiq, wata nawa ka yi da sanda bayan aikin na biyu?