Curator da Hausa: ni dai na tsaya a kan "mai jere"

Jama'a ku taya ni, wata kalma ce ta hana ni sakat tun shekaranjiya. Ɗiyar yayata 'yar shekara 16 tana kulob ɗin zane na makarantarsu, ƙarshen zangon nan za su fito da ayyukansu iyaye su zo su gani, malaminsu ya ce ita ce curator, wato wadda za ta zaɓi zanukan da za a nuna ta tsara su. Ta same ni ta ce Kawu me zan rubuta a katin gayyata da Hausa, ina so Hajiya ta gane aikina. Wallahi na buɗe baki na rasa abin faɗa.

Na fara ce mata mai kula da gidan tarihi, ta ce ai mu ba a Gidan Makama za mu yi ba Kawu, ɗakin taron makaranta ne. Kuma da gaskiyarta, mai kula ya fi kama da wanda ke riƙe makulli. Wani abokina ya ce ma'aji, na ce a'a shi ajiyewa yake yi, ita kuwa fitarwa za ta yi.

Shi kansa taron ma baje koli da muke ce masa bai kwanta min ba. Koli ai kayan ɗan koli ne, allura da madubi da kwalli a baje a tabarma a saya, shi ya sa ya zauna daram a kasuwar baje koli ta Kaduna. Amma yaron da ya kwana uku yana zana hannun kakarsa tana kaɗi, da biro shuɗi kawai, ba ciniki ya kawo ba, so yake a tsaya a duba.

To jiya da yamma na iske ta ta shimfiɗa zanukan a tsakar gida ta danne kowanne da dutse saboda iska, ta ɗauki wannan ta mayar can, ta ja baya ta karkata kai ta sake dawowa, ta haɗa na marinar Ƙofar Mata da na wata mai lulluɓi don shuɗinsu ya tafi tare, har nata guda ɗaya ta cire wai yana cinye na kusa da shi. Mamanta na tankaɗe ta ɗago ta ce ke kam sai ka ce masu jeren amarya.

Nan na ce shi ke nan an samu. Duk wanda ya ga ana jere ya san ba zuba kaya ake yi ba, akwai gwana da ake jira ta zo, ita ke cewa wannan kwalla sama wannan ƙasa, wannan a mayar cikin kwali, duk don mai shigowa ya ga abin da ake so ya gani. Aikin kenan sak. Taron kuma jeren zane.

Na san wani zai ce kalmar biki ce ko ta mata ce, to sai me? Ido ne da iya zaɓe. Kuma kada a ce aikin yara bai kai a nema masa suna ba, su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya ɗalibai ne lokacin da suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane a Zariya a 1958.

'Yan uwa na Yamai, ku me kuke ce wa mai wannan aiki a gidan tarihi na Boubou Hama? Mu dai an riga an buga kati, Hajiya da aka karanta mata ba ta tambayi komai ba, cewa ta yi a ajiye mata kujera za ta zo ganin jere.