Takalmin Greenhills: a saya ko a bari?

Baƙon Manila: Assalamu alaikum 'yan uwa. Watana biyu da zuwa karatu, ruwan damina ya gama da takalmina. 'Yan ajinmu 'yan Filifin sun ce in je kasuwar Greenhills da ke San Juan, kusa da Manila, wai akwai Nike mai araha. Na gaske ne kuwa?

Yaya Babba: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Yawancinsu jabu ne, kuma masu saye sun sani. "Class A" suke ce musu. Kasuwar ta daɗe cikin jerin kasuwannin jabu da gwamnatin Amurka ke fitarwa.

Baƙon Manila: To Yaya, me ya sa suke saye ido buɗe?

Yaya Babba: Aljihu ne. A 2024 mafi ƙarancin ladan ma'aikaci a Manila peso 645 ne a yini, kambas na asali kuwa yana iya kai 5,000. Gumin fiye da mako ke nan, ga haya ga shinkafa. Sannan mutanen nan ƙwallon kwando ne a jininsu, saurayi ba ya son shiga fili cikin tsara da takalmin da ba suna. Ni dai ban ga laifinsu ba.

Hajiya ta Quiapo: Ɗana, in ƙarko kake nema, je ka ukay-ukay, gwanjonsu ke nan. Can na samo wa maigida takalmi na asali, dunduniyar ce kawai ta ɗan cinye, shekara biyu yana sawa. Ka lanƙwasa tafin, ka duba ɗinkin ciki kafin ka biya. Na fata kuma sai Marikina, garin masu ɗinkin takalmi, aikin hannunsu ne ba kwaikwayo ba.

Ɗan Cebu: Riga da takalmi da sauƙi. Don Allah ka guji cajar jabu. Na sayi wata a bakin titi, dare na uku na farka da ƙaurin roba, kanta ya narke a jikin soket, dab da katifata. Har yau in na tuna gabana faɗuwa yake. Magani ma sai a kantin magani mai rajista.

Baƙon Manila: Subhanallah, Allah ya ƙara tsarewa. Na gode ƙwarai. Gwanjon zan fara dubawa.

Hajiya ta Quiapo: Ka zo Juma'a Masallacin Zinare da ke unguwarmu ta Quiapo a Manila, in an idar maigida zai raka ka. Ka riƙo tsabar kuɗi, ka sa jakarka ta gaba saboda cunkoso.