Zan mayar da motar haya, wai sai na canza tayoyi?

Dan_Karantina:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Dan Allah masu sani a taimaka. Ina da Corolla da na ɗauka ijara a wani kamfani nan Jidda, akadin (yarjejeniyar hayar) ya kusa ƙarewa kuma ba zan saye ta ba, mayarwa zan yi. Wani abokin aikina yace min idan suka ga taya ta ci sai sun caje ni kuɗin sababbi guda huɗu a farashinsu. Na gaba biyu sun ɗan sha hanya gaskiya, na baya da sauransu, ɗaya akwai faci. To in canza da kaina ne kafin in kai ko in bari su yanke? Kuma dole sai irin wadda ta zo da motar?

Abu_Khadija:
Wa alaikumus salam. Malam kafin ka kashe ko riyal ɗaya ɗauko akadin ka karanta wajen da suka yi maganar lalacewa ta yau da kullum, don kowane kamfani da nasa sharaɗin. Wasu abin da suke dubawa kawai kar zanen ya kai ƙasa da milimita 1.6, wasu sai sun ga kamar milimita 3. Kuma ba sai ka nemi ma'auni ba, leƙa cikin ramin zanen za ka ga wani ɗan tudu na roba a kwance, in saman taya ya yi daidai da shi to ta kai 1.6 ɗin kenan, ta gama aiki.
Facin kuma ya danganta da inda yake, in a tsakiyar zane ne yawanci ba sa magana, in a gefe ne ko kuma akwai kumburi to wannan ba a ma tattaunawa, canza ta.

Mai_Banshar_Makka:
Ni aikina kenan, gyaran taya, kullum ina gani. Abin da mutane ba sa kula da shi a ƙasar nan shi ne shekara, zafin nan yana kashe taya tun zanen bai ci ba, za ka ga ta fara tsattsagewa a gefe kamar ƙafar da ta sha hunturu. Duba jikinta bayan rubutun DOT akwai lamba huɗu, misali 2322 yana nufin sati na 23 shekarar 2022. In za ka saya ka duba da idonka kar a ba ka wadda ta daɗe a sito, sannan ka duba wajen da aka rubuta zafi (Temperature) ya zama A ko B, C ba ta hanyar Makka da Madina ba ce wlh.
Ka canza da kanka yaya, biyun gaba kawai in na bayan lafiya, amma su zama iri ɗaya girma ɗaya da abin da ke rubuce a jikin ƙofar direba, kar ka sa ɗaya daga nan ɗaya daga can. Kuma don Allah kar wani ya ruɗe ka da ta hannu mai araha, mai dubawa tarihi yake fara karantawa. A yi tarsis (balansin taya), a duba mizan (alaimen) tunda na gaba ne suka fi ci.

Hajiya_Ummi_Riyad:
Maigidana ya mayar da tasa bara, ba taya ce ta ci mu ba ma, istibna (safiya taya) ce da jak, ashe yara sun cire sun ajiye a gida. Ka tabbata suna ciki. Ka ɗauki hoton kowace taya da janti (rim) ranar da za ka kai, kuma kar ka bar wajen sai an ba ka takardar karɓa da sa hannu.

Dan_Karantina:
Na gode Allah ya saka da alheri. Na duba yanzu, facin a tsakiya yake, ta gaba ta dama ce ta kusa taɓa tudun. Mai Banshar, dole sai sunan kamfanin tayar ya zama ɗaya da na baya?

Mai_Banshar_Makka:
In akadi bai ambata ba ba dole bane, girma da lambar gudu dai su yi daidai. Riƙe fatura (rasit) ka tafi da ita.