Mai caca ta waya da mai zuwa shago: cutar ɗaya ce?

Baban_Ilham: Assalamu alaikum. Tambaya ce ga ma'aikatan lafiya da ke zauren nan. Idan jarabar caca ta kama mutum, akwai bambanci tsakanin mai yi ta waya da mai zuwa shago ko zaman karta? A nan Gombe iyaye sun fi tada hankali kan yaron da aka gani a shago, na cikin ɗaki kuwa ana cewa ai shi ba ya yawo.

Ummu_Sadiq: Wa'alaikumus salam, Baban Ilham. Ma'auninsu ɗaya. Littafin DSM-5 na likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka, wanda ya fito a 2013, ya jera alamomi 9, duk wanda aka samu da 4 cikin wata 12 to ta kama shi. Daga ciki akwai ƙara kuɗin da yake zubawa kafin ya ji daɗi, komawa don ya fanshe abin da aka ci masa, ƙarya don ɓoyewa, da dogaro da wasu su biya masa bashi. ICD-11, kundin cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, shi ne ya raba ta biyu: wadda ta fi yawa a intanet da wadda ta fi yawa a waje.

Bambancin na birki ne. Shago yana rufewa, kuɗin aljihu yana ƙarewa, ga kunyar kada surukinka ya wuto ta Jekadafari ya gan ka. Waya ba ta da ko ɗaya. Ƙarfe 2 na dare zai tura kuɗi daga asusunsa, kuma lamba a fuskar waya ba ta ciwo kamar ƙirga 'yan dubu-dubu a miƙa. Mafi muni ƙwallon kwamfuta da ake gamawa cikin 'yan mintuna, da zuba kuɗi ana tsakiyar wasa: tsakanin asara da ramuwa babu lokacin da zuciya za ta huce. Shi ya sa na waya yakan nutse da sauri, gida ba su sani ba sai masu manhajar bashi sun fara kiran 'yan uwa.

Malam_Bolari: Hajiya ta yi daidai, sai dai in ƙara yadda ake bi da kowanne. Na waya, kada a tsaya tambayarsa nawa ya kashe, abin da ya ci kawai zai tuna. A zauna da shi a buɗe bayanan asusunsa na wata 3, duk bankunan, har OPay da PalmPay, a haɗa abin da ya fita da abin da ya shigo, a duba lokutan. Sannan ya nemi kamfanin cacar ya rufe masa asusun cacarsa, a sa BetBlocker, manhajar da ke toshe shafukan caca, kyauta ce, kuma da yardarsa albashi ya riƙa bi ta hannun amintacce ana ba shi na kashewa kullum. Goge manhajar cacar kaɗai aikin banza ne, minti 2 ya sake saukewa. Na shago kuwa matsalarsa hanya ce da abokan zama da tsabar kuɗi: ya sauya hanyar komawa gida, ya daina kwana da kuɗin ciniki, musamman ranakun wasan Firimiya. Kuma kada dangi su yi karo-karo su biya bashin gaba ɗaya, wannan sabon jari ne.

Ummu_Sadiq: Gaskiya ne, Malam. Amma da yawa biyun suke haɗawa, kuma su suka fi jigata, idan aka toshe waya sai su ba mai shago ya buga musu. A tambayi kowanne kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, domin hatsarin ya yi yawa ga mai wannan cuta da bashi ya danne. In ya amsa e, ranar za a kai shi sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Tarayya, ba a jira sati.