"Alarm" ɗin janaretan tashar nukiliya: ƙararrawa, jiniya ko ankararwa?

Malamai da 'yan uwa masu fassara, ina neman shawararku. Ina aiki kan wani bayani game da janaretocin ko-ta-kwana na tashoshin nukiliya, sai kalmar "alarm" ta tsaya mini a wuya. Na rubuta "ƙararrawa", na dawo na goge.

Sai an san aikin injin kafin a raɗa wa abin suna. Ko an kashe tukunyar nukiliya, zafin cikinta ba ya mutuwa nan take, dole famfuna su ci gaba da zagaya ruwa. In wutar waje ta ɗauke, manyan injinan dizal ne ke tashi da kansu, yawanci cikin daƙiƙa 10 ko kusa da haka. A tashar Fukushima ta Japan, ranar 11 ga Maris 2011, sun tashi lafiya bayan girgizar ƙasa, sai igiyar teku ta zo ta nutsar da mafi yawansu.

To a ɗakin kula da tasha akwai allo mai ƙananan tagogi, kowace da rubutunta: man inji ya yi ƙasa, ruwan sanyaya ya yi zafi, iskar tayar da inji ta ragu. In matsala ta faru, tagar ta riƙa walƙiya, ƙara ta tashi. Ma'aikaci ya danna maɓalli, ƙarar ta yi shiru, amma fitilar tana nan kunne har sai an gyara. Kun ga ke nan ƙarar ita ce ƙaramin ɓangare. Ƙararrawar makaranta cewa take a fito, ba ta faɗin wane aji ne ya kama da wuta.

Wani ɗan uwa ya kawo "jiniya". Kalma ce mai kyau, amma mu bar ta wa wadda ake kafawa a garuruwan da ke kewaye da tasha don jama'a su ji. Wata malama ta ce "gargaɗi". Na daɗe ina juya wannan. Sai dai a kunnena gargaɗi kafin abu yake zuwa, kamar rubutun "kada a taɓa" a jikin taransfoma. Abin da muke nema yana faɗin abin da ke faruwa yanzu, ga mutumin da hankalinsa ke wani wuri.

Shi ya sa na tsaya kan "ankararwa". In ka ankarar da mutum, ka sa ya farga ne, kuma ka nuna masa da me. Allon kuwa ya zama "allon ankararwa".

Kalmar tana kuma karɓar ƙari. A tashar Three Mile Island ta Amurka, a hatsarin 1979, ankararwa sama da 100 suka tashi cikin mintunan farko, ma'aikata suka rasa wacce za su fara bi. Wannan ni "cunkoson ankararwa" zan kira shi, kuma shi ne babban abin da masu tsara allon ke gudu: su ware mai gaggawa da launi ko da sauti, su danne waɗanda 'ya'yan matsala ɗaya ne.

Inda nake roƙon mu yi hattara shi ne kada mu haɗa ta da abin da ke kashe injin da kansa. A tashar Vogtle ta jihar Jojiya a Amurka, a Maris 1990, mota ta bugi turken wuta, wutar waje ta ɗauke, janareta ɗaya na hannun masu gyara, ɗayan ya tashi ya mutu har sau biyu. An fi zargin na'urorin auna zafin ruwansa. Sai da aka tayar da shi a yanayin gaggawa, wanda ke tsallake yawancin matakan kare injin, wuta ta dawo bayan minti 36. A irin wannan hali gara inji ya wahala da tukunya ta rasa ruwa, don haka zafin da zai kashe shi a ranar gwaji, ranar hatsari ankararwa kawai yake bayarwa. Wancan abin da ke kashe injin, na sa masa suna "katsewar kariya".

Saura maɓallin nan da ke sa ƙara ta yi shiru. Na rubuta "na gani" a kansa, don abin da ma'aikacin ke faɗi ke nan in ya danna. Mutanen Damagaram da Maraɗi, ku da kuka saba da "alarme" na Faransanci, "ankararwa" ta zauna muku a baki?