Me ya haɗa sojojin Sudan da RSF faɗa, bayan tare suka yi juyin mulki?

Bakatsine:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai abin da ya ɗaure min kai a yaƙin Sudan. Burhan shugaban sojoji da Hemedti kwamandan RSF (dakarun kai ɗaukin gaggawa) tare suka tuɓe Al-Bashir a 2019, tare suka kifar da gwamnatin Firaminista Hamdok a 2021, Hemedti ma shi ne mataimakin Burhan a majalisar mulki. To me ya raba su har aka fara ɓarin wuta a tsakiyar Khartum ranar 15 ga Afrilun 2023, ana cikin azumi? Kuma ta yaya ƙasa ɗaya ta zama tana da runduna biyu, kowace da kwamandanta? Masu sani a warware mana.

Ɗan_Tsangaya:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tambayarka ta biyu ita ce uwa, ta farko 'yarta ce.

Sai ka koma Darfur a 2003. Ƙungiyoyin tawaye biyu, SLA da JEM, suka ɗauki makami, a watan Afrilun shekarar suka kai farmaki filin jirgin Al-Fashir suka ƙona jiragen soja a ƙasa. Gwamnati ta rasa yadda za ta yi, domin ƙananan sojojinta da yawa 'yan Darfur ne, ba ta yarda za su harbi 'yan'uwansu ba. Sai ta koma ga tsohuwar dabarar da aka yi amfani da ita a yaƙin kudu tun shekarun 1980: a raba wa wasu ƙabilu bindiga, ganimar da suka kwasa ita ce albashinsu. Su ne aka riƙa kira Janjawid, mafi yawansu Larabawa makiyayan raƙuma, jagoransu mafi suna a lokacin Musa Hilal.

A 2013 Al-Bashir ya tattara wani ɓangare nasu ya ba su kaki da suna, RSF, ya ɗora Hemedti a kai, ya sa su ƙarƙashin hukumar leƙen asiri, ba ƙarƙashin hafsan soja ba. A 2017 majalisa ta yi musu doka. A takarda suna cikin dakarun ƙasa, a aikace umarninsu daga fadar shugaban ƙasa yake zuwa. Dalili a fili yake. Al-Bashir da juyin mulki ya hau a 1989, ya san ta inda ake hawa, don haka ya yi wa sojojinsa kishiya. Ranar da ya faɗi, 11 ga Afrilun 2019, mai riƙe da igiyar kishiyoyin biyu ya tafi, aka bar su a gida ɗaya.

Hajiyar_Kasuwa:
Malam ya faɗi asali, amma a ƙara da batun kuɗi, don rundunar da ba ta jiran baitulmali ba ta jin magana. Hanyoyi biyu ne suka yi wa Hemedti ƙiba. Ta farko zinariyar Jabal Amir a Darfur ta Arewa. A ƙarshen 2017 mutanensa suka kama Musa Hilal, ma'adinan suka koma hannun kamfanin danginsa, Al-Junaid, kuma a lokacin mafi yawan zinariyar Sudan a Dubai take sauka. Ku tuna da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011 ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man fetur, zinariya ce ta maye gurbin. Ta biyu yaƙin Yaman, inda aka riƙa tura dubban mayaƙa su yi wa ƙawancen Saudiyya yaƙi ana biya da kuɗin waje. Saurayi ya dawo ƙauye da mota, gobe ƙannensa goma sun yi layin shiga. Haka aka kai ga kimanin mayaƙa 100,000 kafin yaƙi.

Kada kuma a wanke sojoji. Su ma suna da manyan kamfanoni, daga ƙera makamai har noma da gine-gine, waɗanda ma'aikatar kuɗi ba ta ganin asusunsu. Da farar hula suka fara neman a buɗe littattafan nan, ɓangarorin biyu suka ga abin zai taɓa aljihunsu, yana cikin abubuwan da suka haɗa kansu a juyin mulkin ranar 25 ga Oktoban 2021.

Bakatsine:
Hajiya, to in haka ne ai maslaharsu ɗaya. Ina aka samu ɓaraka?

Tsohon_Kofur:
A kan lamba biyu aka samu: 2 da 10. Yarjejeniyar da aka sa wa hannu ranar 5 ga Disamban 2022 ta ce za a mayar da mulki ga farar hula, a kuma narkar da RSF cikin soja. Sojoji suka ce cikin shekara 2, RSF ta ce sai 10. Ba yawan shekarun kaɗai ba ne. Kafin a gama narkarwar, wa Hemedti zai riƙa sara wa? Sojoji suka ce babban kwamandansu, wato Burhan. Hemedti ya ce sai dai shugaban farar hula, wanda hakan ya sa shi da Burhan kafaɗa ɗaya. Ga kuma matsalar muƙamai: hafsan da ya yi kwalejin soja ya shekara ashirin yana hawa mataki-mataki ba zai yarda wanda aka liƙa wa tauraro a daji ya zama na gaba da shi ba. Aka sa 1 ga Afrilu don sa hannu na ƙarshe, aka ɗaga zuwa 6, ita ma ta wuce. Kwana biyu-uku kafin yaƙi RSF ta jibge motoci kusa da filin jirgin Marawi, inda akwai sojojin saman Masar, sojoji suka fito fili suka ce ba da izininsu ba ne.

Abin da ya hana a gama yaƙin cikin mako ɗaya kamar yadda wasu suka zata shi ne yadda aka gina rundunonin. Soja na da jiragen yaƙi, tankoki da manyan bindigogi, amma shekara da shekaru ya bar wa RSF aikin sojan ƙasa. RSF kuwa Land Cruiser ce buɗaɗɗiya, an kafa doshka, wato babbar bindiga mai sarrafa kanta, a bayanta, mutum shida ko takwas a kai. A cikin unguwa tanka ba ta iya juyawa, jirgi kuma in ya saki bam a kan gidajen mutane yake faɗawa. Ga shi tun 2019 an bar mayaƙan RSF sun kafa sansanoni a cikin Khartum, su ne ma ke gadin wasu muhimman wurare. Shi ya sa Burhan ya maƙale a hedikwatar soja sai a watan Agusta ya fita, gwamnati ta koma Port Sudan.

Ɗan_Tsangaya:
Kofur, a ƙara abu ɗaya. Bayan juyin mulkin 2021 Burhan ya mayar da jami'an tsohuwar gwamnati da yawa bakin aiki, mutanen da ke ganin Hemedti ne ya ci amanar Al-Bashir. Shi ya sa a watan Fabrairun 2023 Hemedti ya fito ya ce juyin mulkin kuskure ne. Masu zanga-zanga dai ba su saya ba, don ba su manta da 3 ga Yunin 2019 ba, ranar da aka tarwatsa zaman dirshan a gaban hedikwatar soja aka kashe fiye da mutum 100, wasu gawawwakin daga kogin Nilu aka tsamo su, kuma ana zargin mayaƙan RSF da hannu a kisan.