Sensar auna ruwan tanki tana ba ni lissafin da ba na gane kansa

Ɗan_Burtsatse:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tankin roba ne na lita 1,500 a kan ƙarfe, faɗinsa santimita 110. An ɗaura sensar auna tazara HC-SR04 a ƙarƙashin murfi, an haɗa ta da ƙaramin allon kwamfuta ESP32, tana aiko da yawan ruwa zuwa waya ta Wi-Fi. Matsala uku ce. Da rana sai ta nuna ruwa ya ƙaru da kusan lita 40 alhali ba a kunna inji ba, da dare ya koma. Wani lokaci kuma ta ce tanki ya cika fal, bayan daƙiƙa ɗaya ta ce rabi ne. Sannan duk sanda injin jawo ruwa ya tashi, ESP32 ɗin sai ya mutu ya sake kunnuwa. So nake ƙarshe na'urar ta riƙa kashe injin da kanta. Ina gyaran yake?

Injiniya_Sabongari:
Wa alaikumus salam Malam. Lita 40 ɗin nan ba aljanu ne suka zuba ba, zafi ne. Sensar ba ruwa take gani ba, lokaci take ƙirgawa. Tana harba sautin da kunne ba ya ji, mai 40kHz, ya bugi fuskar ruwa ya dawo, ƙafar sensar da ake kira Echo ta faɗa wa ESP32 tsawon lokacin da tafiyar ta ɗauka. Yawancin manhajar da ake kwafowa raba lokacin take da 58 don a samu santimita, wannan 58 ɗin kuwa an gina shi ne a kan cewa sauti na gudun kimanin mita 345 a daƙiƙa, wato iska mai digiri 22.

To iskar da ke cikin baƙin tanki da azahar tana iya kai digiri 45. Gudun sauti shi ne 331.3 a tara da 0.606 sau yawan digiri, ka ga a 45 ya kusa mita 359. Sauti ya yi saurin dawowa, na'ura ta ɗauka ruwa ya matso. Idan tazarar gaskiya santimita 120 ce, za ta karanta wajen 115. A tanki mai faɗin 110, kowace santimita lita 9.5 ce. Ka lissafa da kanka, ga litar taka nan.

Maganinsa ka ƙara sensar zafi DS18B20 mai rufin ƙarfe, ka rataye ta a cikin iskar tankin, ba cikin ruwa ba. Tana buƙatar rezisto 4.7k tsakanin wayar bayanai da 3.3V. Kafin kowane awo ka karanta zafi, ka fitar da gudun sauti da shi. Idan ta ba ka -127, waya ce ta cire. Idan 85 ta ba ka da farkon kunnawa, ba ta gama awo ba ne, ka watsar da shi.

Tambaya ɗaya: ƙafar Echo kai tsaye ka kai ta ESP32? Tana fitar da 5V, shi kuwa 3.3V yake ɗauka. Sa rezisto 1k daga Echo zuwa ƙafar ESP32, sannan 2k daga wannan ƙafar zuwa GND, wato ƙafar negatif.

Hajiya_Lantarki:
Bayanin Injiniya daidai ne, amma ni da HC-SR04 ɗin kanta nake da ja. Ba a yi ta don cikin tanki ba. Ruwa na yin tururi da rana, da dare ya zama raɓa a jikin murfi, ya sauka kan idanunta biyu masu harba sauti da karɓarsa, da allonta da ke tsirara. Tsatsa za ta cinye ta, kafin nan ma ɗigon da ke kan ido ya isa ya rikita awo. A canja ta da JSN-SR04T, mai kai ɗaya rufaffe da waya doguwa, allon ya zauna a akwati a waje. Sai dai a san halinta: ba ta ganin abin da ya matso ƙasa da santimita 20 zuwa 25, don haka idan ruwa na kaiwa dab da murfi, a ɗaga ta sama da guntun bututu mai faɗi.

Batun cika fal kwatsam, duba manhajarka. Idan amsa-kuwwa ba ta dawo ba, pulseIn, umarnin da ke ƙirga lokacin a manhaja, sifili yake mayarwa, lissafi ya ce tazara sifili ce, wato tanki ya cika. Ka ba shi iyakar jira ta maikirosakan 30,000, duk awon da ya zo sifili ko ya wuce zurfin tankin a jefar. Ka ɗauki awo 7, da tazarar milisakan 60 ko fiye a tsakani don kada tsohon sauti ya shiga sabon awo, ka jera su daga ƙarami zuwa babba, ka ɗauki na tsakiya. Kada ka tara su ka raba, awo ɗaya mara kyau zai ja sauran.

Wurin ɗaurawa ma yana da tasiri. Sautin buɗewa yake kamar hasken tocila, idan sensar na kusa da bango zai bugi ƙusoshin jikin tankin ko bututun shigar ruwa ya dawo da wuri. A sa ta wajen tsakiya, tana kallon ƙasa sak, nesa da inda ruwa ke zubowa.

Ɗan_Burtsatse:
Na gode ƙwarai. Echo kai tsaye na kai ta, Injiniya, zan gyara. Saura mutuwar ESP32 ɗin. Cajar waya ce ke ba shi wuta, daga soket ɗaya da injin.

Oga_Mai_Waya:
To ai ka faɗi cutar da bakinka. Inji in zai tashi yana jan wuta ninki da yawa a kan abin da yake ci yana aiki, wutar layin ta faɗi na ɗan lokaci, ƙaramar caja ba ta iya riƙewa. Shi kuma ESP32 yana fizgar sama da 200mA duk lokacin da yake aika saƙo ta Wi-Fi. In ka buɗe Serial Monitor, tagar da ke nuna saƙonnin ESP32 a kwamfuta, mai yiwuwa ka ga yana rubuta Brownout detector was triggered, wato wutarsa ta yi ƙasa. Samo adafta 5V mai 2A ta kirki, waya gajera mai kauri, ka sa kafasita 1,000µF, mai ajiye wuta na ɗan lokaci, tsakanin 5V da GND kusa da allon. Wayar sensa kada ta bi bututu ɗaya da wayar inji.

Kashe inji kuwa, a nan nake roƙonka ka yi hattara. Ƙaramin rile shuɗi da aka rubuta wa 10A, wato makunnin da ESP32 ke sarrafawa, bai dace ya ɗauki inji kai tsaye ba, tartsatsin tashi yana narkar da bakinsa ya manne, inji ya ƙi mutuwa. Rile ya kunna kwantakta, wato babban makunni mai ɗaukar wutar inji, kwantakta ta kunna inji, mai aikin wuta ne zai haɗa wannan ɓangaren. Shawarar kashewa kuma ta kasance a cikin ESP32 ɗin, ba sai ta je intanet ta dawo ba, don ranar da data ta ƙare ruwa zai yi ta malala. Intanet ta tsaya a kai rahoto, sau ɗaya a minti ya wadatar.

Ka kuma sa fulot na gargajiya, makunnin da ke yawo a kan ruwa, a saman tankin, a jere da wayar da ke kunna kwantaktar, yadda ko manhaja ta sandare shi zai yanke.

Hajiya_Lantarki:
Ƙari kan na Oga: kada kunnawa da kashewa su zama a matakin ruwa ɗaya, in ba haka ba motsin ruwa zai sa inji ya yi ta tashi yana mutuwa. Ya tashi a kashi 30, ya mutu a kashi 90. Kuma in ya yi minti 10 yana aiki ruwa bai ɗaga ko santimita 2 ba, a kashe shi a aiko saƙo, ko dai rijiya ta ja baya ko bututu ya fashe.